Ƙafar Munira

Ƙarar da Hindatu ta ji ba mai ƙarfi ba ce. Tana tsugune a bakin famfo tana wanke shinkafa, sai ta ji kamar an taka busasshen kara, daga nan kuma shiru. Shirun ne ya tayar da ita tsaye. Kafin ta zagayo harabar gidan ihun ya ɓarke.

Motar mijinta Misbahu tana tsaye a bakin get, rabi a ciki rabi a waje, injin na kunne. 'Yarta Munira, mai shekara biyar, tana kwance a gefen tayar baya da jakar Islamiyya a wuya, ƙafarta ta hagu ta lanƙwashe a inda ƙafa ba ta lanƙwasawa. A kujerar direba, bisa matashin kai guda biyu da aka ɗora don ya hango hanya, ɗanta na fari ne, Ziyad. Shekararsa goma sha biyu. Hannuwansa sun manne da sitiyari, bakinsa a buɗe, ko kuka ya kasa.

Misbahu kuwa yana tsaye a waje da waya a hannu. Bidiyo yake ɗauka, don yau ne aka fara koya wa yaron fita daga gida da baya.

Wata huɗu ke nan Hindatu tana magana a kan tuƙin nan. Kullum bayan la'asar uban zai ɗauki yaron su tafi filin ƙwallo na bayan unguwa, daga baya aka fara zagaya layukan Takur, daga nan aka fara aikensa kai saƙo unguwar Yalwawa shi kaɗai, da umarnin ya bi lungu kada ya hau babban titi. Duk lokacin da ta ce yaron bai kai ba, amsa ɗaya ce: "Ni ina shekara nawa na fara jan taraktar kawuna? Namiji nake raino, ba 'yar tsana ba." Sai ya ɗora bidiyon a sitatus, abokansa na ofis su yi ta turo masa "Masha Allah, ƙaramin direba."

Shi ya ɗauki Munira ya shimfiɗa ta a cinyar uwar a kujerar baya. Kafin ya tayar da mota Hindatu ta ga yana danne-danne a waya. Bidiyon yake gogewa.

Suna tafe yarinyar na ihu, jini na jiƙa zanin uwarta, har suka zo kwanar da ake karyawa a nufi asibiti. Misbahu ya miƙe hanya, bai karya ba.

"Abban Ziyad, ka wuce kwanar."

"Na sani."

"Ka sani? To ina za mu?"

"Limawa. Mu ɗauki Hajiya, ta san wani mai ɗori."

"Ɗori? Mota ce fa ta taka ta! Dubi ƙashin nan, har ya huda fata."

Ya kalle ta ta madubi, idanunsa jajur. "Ki yi tunani mana, Hindatu. Muna shiga can tambayar farko ita ce wa ya buge ta. Ta biyu, ina takardar 'yan sanda. Kina so gobe a ce an kulle Ziyad? Yaron da ko jarabawar ajin shida bai yi ba? Ni kuma ma'aikacin gwamnati, sunana a bakin kowa? Ki zaɓa."

Ba ta zaɓa ba. Ta dai danne raunin da gefen hijabinta ta yi ta salati, mota na gudu.

Hajiya Iyatu, mahaifiyar Misbahu, ta shigo motar da carbi a hannu. Ta leƙa ƙafar sau ɗaya, ta yi innalillahi, sannan ta gyara zama ta tsara magana tun kafin su fita daga gari. "Duk wanda ya tambaya, daga kan dutse ta faɗo wajen wasa. A garin nan wa zai yi mamaki? Wane yaro ne bai taɓa faɗowa daga kan dutse ba? Maganar gida ta tsaya a gida."

Malam Arzika mai ɗori yana wani ƙauye da ke kan hanyar Kiyawa. Dattijo ne mai manyan hannuwa, a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa mutum biyar ne a zaune da ƙafafu a ɗaure. Ya sa maza biyu suka danne Munira, ya kama ƙafar ya ja. Ihun da yarinyar ta yi, sai da awaki suka watse.

"Malam, fatar ta fashe fa," in ji Hindatu. "Ba za a wanke ciwon ba?"

Bai ɗago ba. "'Yar nan, ke ce mai ɗorin ko ni?"

Ya barbaɗa wani baƙin gari a kan raunin, ya shafa man shanu, ya jera tsagin kara a kewayen ƙaurin, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tam, har sai da yatsun suka yi tsaye. Sannan ya sa aka kamo wata kaza ja, ya karya mata ƙafar hagu, ya ɗora ta ita ma, ya miƙa wa Hajiya.

"Ku tafi da ita. Ranar da kazar nan ta taka, ƙashin yarinya ya kama. Kada wanda ya kwance ɗaurin nan sai bayan sati biyu. Duk wanda ya kwance, babu ruwana."

Hajiya ta tare a gidan don jinya. Aka ɗaure kazar a gindin famfo, aka shimfiɗa wa Munira katifa a falo ƙarƙashin fanka, fankar da ba ta juyawa sai an ga dama an kawo wuta, ga bazara ta kankama, duwatsun garin suna amayar da zafi kamar bakin tanda.

Kwana na biyu yatsun suka kumbura suka yi sheƙi. Munira ba ta bar kuka ba sai idan muryarta ta dushe. Hindatu ta tare Misbahu yana ɗaura agogo.

"Ɗaurin nan ya yi tsanani. Ko sassautawa a yi."

"Ba ki ji abin da Malam ya ce ba? Kumburi dole ne, ƙashi ne yake neman ɗan'uwansa." Ya ajiye mata ledar magani daga kemis. "Ki ba ta wannan, zai sa ta barci."

Mata suka fara zuwa dubiya, da ayaba da lemo da 'yar kwalbar man zafi. Kowacce sai ta tambaya garin yaya, Hindatu kuma sai ta sunkuyar da kai ta ce kan dutse. Sau bakwai ta faɗa a yini guda, kowane faɗi kamar tana haɗiye tsakuwa. Da maƙwabciyarsu Fiddausi ta shafa kan Munira ta ce, "Ke ma 'yar gidana, me ya kai ki hawan dutse kamar akuya?" sai yarinyar ta buɗe ido ta ce, "Ba dutse ba ne, Yaya ne ya..."

"Zazzaɓi ne yake sa ta sambatu," Hajiya ta katse, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Bayan baƙuwar ta fita ta matso kusa da katifar. "Kishiyata, kina so sojoji su zo su tafi da Yayanki? To ki ce dutse. Ce dutse in ji."

"Dutse," in ji Munira.

"Yauwa, 'yar albarka."

Hindatu ta shige kicin ta kunna famfo don kada a ji kukanta.

Kwana na huɗu zazzaɓi ya shigo da gaske. Jikin yarinyar kamar garwashi, ko kunu ta kurɓa sai ya dawo. Hindatu ta kasa zama wuri ɗaya. Ta jiƙa tawul ta goga mata, ta leƙa yatsun, ta fita tsakar gida, ta dawo ta sake leƙawa. Da suna ja, yanzu sun koma kalar ɗanyar hanta. Ta ɗauki waya ta nemo lambar yayarta da ke aure a Gumel, ta kalli lambar, ta ajiye. In ta kira me za ta ce? Dutse?

A ranar ne kuma, bayan la'asar, ta ji Misbahu yana ƙwala wa Ziyad kira daga harabar gida. Tun ranar da abin ya faru yaron bai ƙara taka falo ba. Ta ƙofar baya yake shiga ɗakinsa, abincinsa ya bushe a kwano.

Ta fito da sauri. "Me zai yi?"

"Zagaye ɗaya za mu yi."

"Abban Ziyad, don girman Allah. Jinin ƙanwarsa ko gama fita daga simintin nan bai yi ba."

"Shi ya sa. In bai koma yau ba tsoro zai zauna masa har ya tsufa. Haka ake yi wa direba, ki tambayi kowa a tasha. Tsautsayi ne, ya wuce. Manya ma masu lasin suna buge mutane kullum, an hana su tuƙi?"

Hajiya ta leƙo ta taga. "Ki bar uba da ɗansa, Hindatu. Abin da Allah ya rubuta ko a kan gado take sai ya same ta."

Ziyad ya hau kan matasansa biyu. Da suka dawo, Hindatu ta same shi a bayan tankin ruwa yana kwara amai. Ta riƙe masa goshi.

Kwana na shida wari ya fara. Da farko ta ɗauka man shanun ne ya lalace saboda zafi. Ta canza zanin gado, ta goge ƙasa, warin yana nan. Ƙudaje suka gano falon. Hajiya ta ɗebo garwashi a kasko ta zuba turaren wuta.

"Hajiya, ƙafar nan ruɓewa take yi."

"Kul! Kada ki yi wa 'yarki mugun baki. Maganin Malam ne, haka yake wari in yana aiki. Ni da na haifi tara zan kasa sanin ciwo? Yaran yanzu, kun yi boko kaɗan sai ku ce komai asibiti. Can ai ba su san komai ba sai yanka."

Aka kira Malam Arzika a waya. Ya tambaya ko an taɓa ɗaurin, aka ce a'a. Ya tambayi kaza, aka ce tana cin tsaba. Ya ce to madalla, a ƙara haƙuri.

Kwana na bakwai da hantsi Hajiya ta rangaɗa guɗa a tsakar gida. Kazar ta dafa ƙafarta a ƙasa, tana ɗingisawa zuwa wajen ruwa. Misbahu ya dawo da tsire da yamma, fuskarsa a sake karon farko. "Kin gani ko? Da na biye miki da yanzu muna ofishin 'yan sanda muna rubuta bayani."

Washegari Munira ta daina kuka. Tana kwance shiru, idanu a rabin buɗe, leɓɓanta sun tsage. Da aka tambaye ta ƙafa sai ta ce ba ta ciwo.

"Alhamdulillahi," in ji Hajiya. "Sauƙi ya samu."

Hindatu ta jira sai da tsohuwar ta shiga alwala. Ta zare fil daga ɗankwalinta, ta durƙusa a ƙarshen katifar. Yatsun sun yi baƙi, sanyi ƙalau a cikin wannan zafin. Ta soka fil ɗin a babban yatsa, a hankali. Munira tana kallon silin. Ta ƙara dannawa har ya shige. Yarinyar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Da Misbahu ya dawo ta faɗa masa a tsaye, ba ta ko bari ya cire takalmi ba.

"Saura kwana shida a kwance," ya ce. "Kwana shida kacal. Gobe da sassafe zan bi motar ofis zuwa Birnin Kudu, in na dawo sai mu sake kiran Malam. Kuma ki ji da kyau, ban yarda ki fita da yarinyar nan ko nan da bakin get ba. In kika fita, kin san sauran."

Da safe, bayan motar ofis ta ɗauke shi, Hindatu tana zuba wa Ziyad shayin da ta san ba zai sha ba. Yana tsaye da kayan makaranta, wandon ya yi masa yawa a kwana tara.

"Umma."

"Na'am."

"In aka kai ta asibiti, ni za a kama?"

Ta ajiye butar. "Wa ya faɗa maka?"

"Ina jin ku." Ya ɗago ya dube ta. "Umma, a kama ni ɗin. Don Allah ki kai ta. Warin yana shigowa har ɗakina."

Ta jawo shi ta rungume, ta ji ƙasusuwan bayansa a tafin hannunta. Sannan ta ce ya tafi makaranta, kada ya tsaya ko'ina.

Ba ta ɗauki komai ba sai hijabi da jaka. Ta tallabo Munira a hannu biyu, yarinyar ba nauyi kamar an zare mata ciki. Hajiya tana kan darduma tana jan carbi.

"Ina zuwa haka?"

"Asibiti, Hajiya."

"Da izinin wa? Mijinki ya hana. Za ki tona mana asiri a gari, ki jefa ɗanki a hannun hukuma saboda taurin kai? Ga kaza can tana yawo!"

"Ku yi haƙuri, Hajiya," in ji Hindatu, ta raɓa ta wuce.

Mai adaidaitan da ya tsaya mata ya toshe hanci da gefen rigarsa, ya waiwayo ya kalli ƙafar, bai tambayi kuɗi ba, ya murɗa totur.

A asibiti wata nas mai ƙiba ta tare su tun daga baranda. "Me ya same ta?"

Kalmar dutse ta zo har bakin Hindatu saboda sabo. Ta mayar da ita. "Mota ce ta taka ta, yau kwana tara. Yayanta ne a sitiyari, shekararsa goma sha biyu. Ubansa ne ya ba shi makulli."

Ta tsaya tana jiran a kira 'yan sanda. Nas ɗin ta juya ta ƙwala wa masu gadon turawa kira. Babu wanda ya tambaye ta wata takarda.

Da almakashi aka yanke tsumman. Lokacin da karan suka zube, wata ƙaramar nas ta juya da sauri ta fita. Aka sa ƙarin ruwa, aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙashi. Hindatu ta yi ta safa da marwa a barandar, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, wayarta na ruri a jaka. Sau goma sha ɗaya Misbahu ya kira. A na sha biyu ta ɗauka, ta ji ya fara da "Wato ni za ki wulaƙanta," ta kashe.

Bayan azahar likita ya kira ta ofis. Matashi ne, ya cire tabarau ya murza idonsa kafin ya yi magana.

"Maman Munira, karayar kanta ba wani abu ba ce. Da a ranar aka kawo ta, wanke ciwo ne kawai da ɗaurin siminti, wata biyu tana gudu. Ɗaurin ne ya hana jini zuwa, ciwon kuma ya ruɓe a ciki. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu abin da ya rage da rai. In ba mu cire yau ba, gubar za ta gama shiga jininta. Ina mahaifinta?"

"Ya yi tafiya."

"Ba za mu iya jiransa ba."

Ya turo mata takarda da biro. Ta karanta kowane layi, don ba ta son a sake yanke wani abu a kan 'yarta ba ta san me aka yanke ba. Sannan ta sa hannu. Ta bi gadon har ƙofar ɗakin tiyata, tana riƙe da yatsun ƙafar dama, masu ɗumi, har aka ce ta saki.

Tana zaune a kan benci bayan la'asar, ƙofar ba ta buɗe ba tukuna, sai ta hango Hajiya tana tahowa da kular abinci. A bayanta Ziyad ne, har yanzu da kayan makaranta, rigar ta jiƙe sharkaf da gumi. Makullin mota yana hannunsa.

Hindatu ta miƙe a hankali. "Wa ya kawo ku?"

"Wa zai kawo mu?" in ji Hajiya tana haki. "Mota tana ajiye a gida, ga mai tuƙi, sai in tsaya a rana ina tsayar da adaidaita da tsufana? Uban ne ma ya ce ya biyo lungu, ya ajiye ta a bayan katanga. Lafiya lau muka zo, akuya ɗaya ce kawai ta so ta ba shi matsala. Ina yarinyar? Me suka ce?"

"Suna yanke ƙafar."

Kular ta kusa suɓucewa. Hajiya ta dafa bango ta zauna, ta yi salati mai tsawo, ta share ido da gefen mayafi. "Allah ya sa kaffara ce. Ƙaddara ba ta da magani, Hindatu. Haka Allah ya so."

Ziyad ya sulale ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Hindatu ta durƙusa a gabansa, ta buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta zare makullin. Tafin hannun ya yi shatin ƙarfe saboda damƙa. Ta jefa makullin a jakarta ta ja zip.

"Ba kai ba ne," ta ce masa a hankali. "Ka ji ni? Ba kai ba ne. Kuma ka gama tuƙi, sai ranar da hukuma ta ba ka lasin da hannunta. Wanda yake son motarsa ya zo nan ya karɓa a wurina, a gaban likita."

Hajiya ta ɗago. "Ke Hindatu, ba shi makullin nan. Magariba ta kusa. In kin riƙe, mu da me za mu koma gida?"

Hindatu ta zauna a ƙasa kusa da ɗanta, ta mayar da idonta kan ƙofar tiyata.

"Da ƙafa, Hajiya," ta ce. "Ku da aka bar muku biyu."